Malam Murfi da Hoton Teku

Shekara arba'in da uku ya yi yana ɗaukar hoto a shago ɗaya, a ƙarƙashin wani tsohon bene, kan titin da ke gangarawa tashar jirgin ƙasa. Duk unguwar Mai Hoto suke ce masa. Mutum ɗaya ce a duniya ke kiransa da wani suna daban, wato matarsa, kuma sunan ba na yabo ba ne. Malam Murfi take ce masa. In tana cikin nishaɗi sai ta ja shi, "Malam Murfiii." In ranta a ɓace yake, sai ta yar da Malam ɗin a hanya ta bar masa Murfi tsura. Shi kuma Alƙaliya yake ce mata, don tun ranar da ta shigo gidansa ba a taɓa yin wata magana ta wuce ba tare da ta yanke hukunci a kanta ba.

In kana son sanin inda sunan ya samo asali, sai ka fara leƙa shagon. Ɗaki ne dogo, an raba shi biyu da katako. A gaba akwai benci da madubi, da mataji ɗaure da igiya don kada ya bi wani gida, da wata baƙar kwat a rataye wadda rabin samarin garin a cikinta suka ɗauki hoton neman aiki. A baya kuma ɗakin wanki ne, mai jan ƙwan lantarki da warin magani da igiyar shanya hotuna. Amma abin da ya yi wa shagon suna shi ne labule uku masu zane da ake saukarwa a bayan mutum. Ɗaya jirgin sama ne da matakalarsa. Ɗaya dutse ne mai ƙanƙara a ka. Na uku teku ne. Wani mai fentin motoci ne ya zana su, wanda shi ma bai taɓa wuce kasuwar bayan gari ba. Shi ya sa tagogin jirgin saman suke da labule irin na bas, tekun kuma yake da wani kifi mai gashin baki da ya yi tsalle sama, wanda ko yaro ya kalla ya san tarwaɗar rafi ce. Mai Hoto ya yi ƙorafi a lokacin. Mai fenti ya ce masa, "Ka taɓa ganin tekun?" Ya ce a'a. Ya ce, "To yi mini shiru."

Shekara biyu da aurensu, tun ba a fara haihuwa ba, ƙarshen kaka ya zo. Ganyen bishiyoyin titin tasha ya fara zuba, sanyi ya soma leƙo kai da safe, ma'aikata da 'yan makaranta kowa na ɗaure kayan tafiya hutun ƙarshen shekara. Alƙaliya tela ce, kekenta na bakin taga, tana kallon masu akwatuna suna wucewa. Rannan ta ajiye almakashi ta ce, "Kullum kana tura mutane teku daga kan benci. Ni na gasken nake so a kai ni." Shi kuwa lokacin jini na tafasa, ya bugi ƙirji ya ce ta haɗa kaya.

Kyamarar shagonsa mai ƙafa uku ce, irin wadda ake cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ba ta ɗaukuwa zuwa ko'ina. Sai ya aro wata 'yar ƙarama a wurin wani malamin makaranta. Malamin ya so ya nuna masa yadda take aiki, Mai Hoto ya yi dariya ya ce, "Haba malam, yau kuma ni za a koya wa hoto?" Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne wannan: a babbar kyamara ta cikin idonta kake leƙawa, in da murfi a kai duhu za ka gani, dole ka cire. Ita ƙaramar kuwa tagar leƙenta daban, idonta daban. Kana iya ganin duniya tar ta tagar alhali idon na rufe ruf.

Kwana ɗaya da yini guda suka yi a jirgin ƙasa, da burodi da dafaffen ƙwai ƙunshe a takarda. Tun daga tasha yake yi mata bayanin teku, shi da bai taɓa ganinsa ba, har da yadda zai yi iyo ya je ya taɓo jirgin ruwa ya dawo. Da suka isa ya ga ruwan ba shi da ɗaya gaɓar, sai bayani ya ƙare. Ya naɗe ƙafar wando ya matsa a hankali. Igiyar ruwa ta farko ta taso ta lashi idon sawunsa, ya kwasa a guje har ya bar wa teku takalmi ɗaya. Kafin ya tsaya, iska ta fizge hularsa ta yi ta mirgina ta a kan yashi, yana binta yana ɗingishi yana ba ta haƙuri. Alƙaliya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga nan ta tashi ta shiga ruwan har gwiwa, ta ɗebo ta ɗanɗana, ta tofar, ta yanke hukunci: "Wadda ta yi girkin nan hannunta ya cika gishiri."

Kwana uku suka yi, kuma ko yau ka tambaye shi zai gaya maka bai taɓa jin daɗin da ya kai na kwana ukun nan ba. Sun sha shayi a wata rumfa mai rufin kwano, sun tsinci 'yan ƙwaryar kifi masu sheƙi har ta cika gefen mayafinta, sun zauna sun kalli rana tana nutsewa cikin ruwa. Shi kuma ya yi ta ɗaukar hoto, yana ba da umarni kamar a shago: "Ɗaga haɓa. Kalli nan. Kada ki motsa." Tun ranar farko ta ce masa, "Malam, wannan baƙin abin da ke gaban kyamarar, haka ake barinsa?" Ya ce, "Ke dai ki tsaya a kan kekenki. Na taɓa zuwa na ce miki ga yadda ake zura zare a allura?" Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta gyara tsayuwa.

Da suka dawo ya shiga ɗakin wanki yana fito da baki. Fim ɗin ya fito fes kamar gilashin taga. Hoto talatin da shida, babu ko ƙuda a ciki. Ya daɗe a tsaye a ƙarƙashin jan ƙwan yana tunanin ko akwai wata ƙofa ta baya da bai sani ba. Da ya gaya mata, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Wanko mini ɗaya."

"Me za ki gani a ciki?"

"Ni na san abin da zan gani."

Ya wanko mata. Takarda ce baƙa ƙirin daga sama har ƙasa. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe sabon littafin hotunan da ta saya don tafiyar, ta liƙa shi a shafin farko, sannan ta ɗago kai ta ce, "Sannu da aiki, Malam Murfi."

Da ya tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Amma an ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma ya riga ya cika unguwa da cewa su jira hotunan teku. Sai ya lallaɓa ta ta sa kayan da ta yi tafiyar da su, ya watsa yashin magina a ƙasan shago, ya sauke labule na uku, ya ɗauke su tare. Washegari ya fito da hoton bakin benci yana nunawa. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya sa gilashinsa na ido ɗaya, ya duba da kyau, ya ce, "Ikon Allah! Ashe tarwaɗar nan ta riga ku zuwa." Mai Hoto ya manta cewa rabin gidajen titin suna da kifin nan rataye a bangon falonsu.

Daga wannan shekarar bai sake rufe shago don tafiya ba. Hutun ƙarshen shekara shi ne kakar mai hoto: masu tafiya na son hoto kafin su tafi, baƙi na son hoto kafin su koma, benci ba ya hucewa. Ga yara sun fara zuwa, har huɗu. Duk shekara in ganye ya fara zuba sai ya ce mata, "Baɗi zan mayar da ke, in ɗauka da kyau." Ita kuma ta ce, "Baɗin nan naka ya fi kowa tsawon rai a danginku." Sai dai wautar ranar yashin magina ta zame musu abin yi a gidan. Ranar ƙarshe ta hutu sukan tura ƙofar shago na awa ɗaya, kowa ya ci ado, a ɗauko akwati ba komai a ciki. Alƙaliya ta ce, "Bana ina za ka kai mu, Malam Murfi?" Ya ce, "Kan dutse." Ta ce, "To yara, a ɗauko rigunan sanyi, kada a dawo mini da mura." Haka littafin ya cika. Iyalin da ba su taɓa wuce tasha ba sun yi tafiya sau goma sha ɗaya, wata a jirgin sama, wata kan dutse.

Sunan ne kawai bai taɓa yi masa daɗi ba. Takan kira shi da shi a gaban masu ɗaukar hoto, a gaban ƙannensa, a gaban likita. Da dangin mai neman auren Auta, ƙaramar 'yarsu, za su zo gaisuwa, ya hango Alƙaliya a ransa tana buɗe musu shafin farko, sai ya sa reza ya ɓanɓare baƙin hoton, ya kai shi ɗakin wanki ya jefa cikin wani gwangwanin madara. Ya ce mata ya ɓata. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Allah ya tona asirin ɓarawon. Ko da yake na san girman hularsa." Ba ta liƙa komai a wurin ba. Shekara goma sha biyu shafin na nan da tabon gam.

Mantuwa ta fara kama Alƙaliya ne shekara biyu da suka wuce. Aka tsinci almakashi a cikin firji, aka yi dariya. Ta ɗinka riga da hannu uku, aka yi dariya kaɗan. Sunayen jikoki suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ya shigo mata da shayi, sai ta ja mayafi ta rufe kai ta ce, "Sannu da zuwa, Mai Hoto. Maigidan ba ya nan." Ya zaci tsokana ce, ya ce, "To in ya dawo ki ce na zo." Ta ce, "Zan faɗa masa." Ya duba idonta yana neman dariyar da ya saba gani a ɓoye a ciki, bai same ta ba.

Tun daga ranar ta koma mace mai ladabi. Matar da ba ta taɓa barin ya ƙarasa labari ba tare da ta gyara masa ba, yanzu babu abin da ke fita daga bakinta sai sannu da na gode. Shekara arba'in yana roƙon Allah ya sassauta masa bakin nan, ga shi an amsa. Yakan tsaya gaban madubin shago ya ce wa mutumin da ke ciki, "To, ka samu. Ba girma kake so ba? Ga shi nan har ya yi maka yawa." Kewarta yake yi tana zaune a gabansa, kuma bai san wa zai kai wa ƙara ba, tunda alƙaliyar gidan ce ta tafi.

Daga baya abin ya ƙaru da tsoro. In la'asar ta yi ta ga bai tafi ba, sai ta shige ɗaki ta sa sakata, tana tambayar me baƙon namiji ke yi mata a gida alhali mijinta ya yi tafiya. 'Ya'yan suka yi shawara suka tsayar da magana: in hutun bana ya ƙare, Auta za ta tafi da ita. Auta kuwa a garin bakin tekun nan take aure, mijinta na aiki a tashar jiragen ruwa. Shekara goma sha biyu tana can, ubanta bai taɓa taka ƙofarta ba, kullum baɗi.

Ta zo da yaranta saura kwana bakwai hutu ya ƙare. Ta same shi a shago yana goge kyamarar da ba ta yi ƙura ba.

"Baba, ɗaki na nan har biyu. Ka rufe shagon nan mu tafi tare."

"In je a matsayin wa? Mai hoton gida?"

"Haba Baba. Wa ke zuwa nan yanzu, kowa da wayarsa a aljihu?"

"Jiya na ɗauki fasfo biyu."

"Ɗaya na mai gyaran agogo ne, kuma don tausayi ya zo."

"Bakin uwarki kika ɗauko," in ji shi, ya juya mata baya don kada ta ga fuskarsa.

Gaskiyar da bai faɗa mata ba ita ce tsoro yake ji. A nan aƙalla bango da kujeru sun san shi ne mijin. In ya bi su, ya zama baƙo a gari biyu. Sai ya ƙulla a ransa: in ta gane shi sau ɗaya, sau ɗaya tak, kafin kwana bakwan nan su cika, zai bi ta ko ina ne. In ba ta gane shi ba, to ta tafi, shi ya zauna da tarwaɗarsa.

Likita ya ce a riƙa nuna mata tsofaffin hotuna. Auta ta ɗauko littafin, jikoki suka kewaye kakarsu a falo, shi kuma ya zauna can bakin ƙofa inda baƙo ke zama. Alƙaliya ta wuce shafin farko ba ta ko kalle shi ba. Da ta zo kan jirgin sama sai fuskarta ta washe. "Nan mun hau jirgi," in ji ta. "Maigidana ya samo mana kujerar taga. Nan kuma kan dutse ne, sanyi kamar ya kashe mu. Babu inda bai kai ni ba. Mutum ne mai cika alkawari, in ya ce baɗi, to baɗi ne."

Kada in ɓoye maka, da farko kansa ya kumbura. Ya gyara zaman hula, ya dubi jikoki ko sun ji. Shekara arba'in yana jiran yabo ɗaya daga bakin nan. Amma kafin ta kai shafi na goma yabon ya fara yi masa ɗaci. Wannan mutumin da take faɗa, mai kujerar taga, mai cika alkawari, ai ba shi ba ne. Shi ya ƙera shi da hannunsa, da labule da fenti da yashin magina, ga shi yanzu ya tashi ya ƙwace masa mata. Mutum ya yi kishi da kansa, wannan ciwo ne da ko likitan bai san sunansa ba. Tafiya goma sha ɗaya ta ƙarya duk suna nan daram a kanta, ta gasken guda ɗaya kuwa ba ta da ko hoto da za ta riƙe.

Sai ya shiga dabara. Rana ta biyu ya naɗo labulen teku ya turo shi gida a baro, ya rataye a falo, ya sa baƙar kwat ɗin shago, ya tsaya a gabanta ya ba ta labarin tafiyar tun daga tasha. Amma hali zanen dutse. Da ya zo wurin igiyar ruwa sai ya ji bakinsa na cewa ya faɗa ciki ya yi iyo har ya taɓo jirgi. Ya saurara, yana jiran a ce masa ƙarya yake. Ta ce, "Kai, sannu. Ka yi ƙoƙari."

Rana ta huɗu ya ɗana mata tarko. 'Yar kyamarar nan tana wurinsa, don tun a lokacin ya saye ta daga hannun malamin makaranta, wai don kada ta je ta ba da labari. Ya ɗauko ta, ya danna mata murfinta da kyau, ya durƙusa a gaban matarsa duk da gwiwar da ke damunsa. "Ranki ya daɗe, kalli nan." Ya matso da baƙin murfin har ya kusa taɓa hancinta. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama. Ta gyara ɗankwali, ta ɗaga haɓa, ta yi murmushi. Ya danna. Ta ce, "Na gode. In ya fito a ba maigidan." Auta ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

Rana ta biyar da ta shida bai yi komai ba. Dabara ta ƙare.

Safiyar tafiya, ana ɗaura kaya a kan mota, ya ce shi zai leƙa shago, kada masu fasfo su zo su tarar da ƙofa a rufe. Kowa ya san ba ya son ya ga tashin motar ne. Ya buɗe, ya share ganyen da iska ta tara a bakin ƙofa, ya zauna a benci, ya tashi, ya shiga ɗakin wanki ba tare da ya san abin da ya kai shi ba. Gwangwanin madarar na nan a bayan kwalaben magani. Ya buɗe ya zaro hoton. Gefensa ya ɗan nannaɗe, amma baƙin na nan yadda yake. Ya ɗaga shi ga haske, bai ga komai ba sai inuwar wani tsoho mai hula a karkace.

"Shekara arba'in da uku," in ji shi, "wannan ne kaɗai hoton da ba ka yi ƙarya a cikinsa ba. Shi kuma ka ɓoye."

Bai yi tsammanin komai ba. Ya dai ga kayanta ne, ya kamata ta tafi da abinta. Ya same ta zaune a falo an gama shirya ta, jaka a kan cinya, shayi na tururi a gefe. Ya rusuna daga nesa yadda ya koya don kada ta firgita.

"Ranki ya daɗe, ga wani hoto. Maigidanki ne ya ce a kawo miki. Aikinsa ne."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, har Auta ta miƙa hannu za ta karɓe. Sai ta ɗora yatsa a gefen hagu na baƙar takardar.

"Nan ne rumfar mai shayi," in ji ta a hankali. Yatsan ya matsa. "Nan takalmin ya tafi." Ya ƙara matsawa, kafaɗunta suka fara rawa. "Ga hular can tana gudu. Ga shi yana binta, yana ce mata don Allah ki tsaya." Dariya ta ƙwace mata, irin ta da, mai sa ta riƙe ciki. Ta ɗago kai tana share ido, ta dube shi, dariyar ta tsaya cak. Ta haɗe gira.

"Murfi! Ina ka shiga?"

Ya zauna a ƙasa. "Ina nan, Alƙaliya."

"Kana nan ina? Ka tafi ka bar ni da wani mai hoto, surutu kamar rediyo. Wai shi ya yi iyo a teku. Ƙarya fal cikinsa."

"Na san shi. Ba shi da kunya ko kaɗan."

"Kai ka sace hoton nan."

"Ni ne."

"Ai na sani tun ranar. Kuma dubi hularka, kamar an jefo maka ita daga bene. Kukan me kake yi, ƙato da kai?" Ta leƙa taga. "Kayan wa ake ɗaurawa a mota?"

Auta ta ce, "Namu ne, Mama. Teku za mu."

Alƙaliya ta juyo ta dubi mijinta, kallon da take yi masa in za ta yanke hukunci.

"Baɗin ne ya zo?"

"Ya zo."

"To zaman me kake yi a ƙasa? Tashi ka je ka rufe shagon."

Mutumin da ya shekara goma yana cewa gwiwa ta hana shi sauri, rannan yaran titi sun ga gudunsa. Ya jefa riga biyu da 'yar kyamarar a cikin akwatin nan da ya yi tafiya goma sha ɗaya ba komai a cikinsa. Ya yagi kwali ya rubuta AN YI TAFIYA, ya liƙa a ƙofar shago, ya datse kwaɗo. Mai gyaran agogo, wanda yanzu sai da sanda, ya leƙo ya karanta ya ce, "Bana wane labulen za a hau?"

"Na gasken."

"To ka gaishe mini da tarwaɗa."

Duka-duka bai fi minti ashirin ba. Da ya dawo shayin da ke falo ya huce, an riga an shigar da ita mota, tana zaune a baya da baƙin hoton a kan cinyarta. Tun kafin ya ƙaraso ya ga Auta ta girgiza masa kai kaɗan. Ya buɗe ƙofar a hankali. Matarsa ta ja mayafi ta rufe kai, ta matsa can jikin ɗaya ƙofar.

"Sannu, Mai Hoto. Kai ma tafiyar za ka yi?"

Ya tsaya da akwati a hannu. Ya ce sau ɗaya, an ba shi sau ɗaya, ba a yi masa ƙwange ba.

"E, ranki ya daɗe. In za ki ba ni wuri."

"Bismillah, ai akwai wuri."

Ya shiga ya zauna a takure, yadda baƙo ke zama. Mota ta tashi, ta bi titin tasha tana taka busasshen ganye, ta wuce shagon da kwalinsa. Sun yi nisa kaɗan sai ta dube shi ta gefen ido, ta dubi hoton, ta sunkuyo kamar mai ba da sirri.

"In mun isa ka riƙe hularka da kyau. Wajen akwai iska. Na san wani da ta yi wa wulaƙanci."

"Allah sarki. Wane ne?"

"Wani ne," in ji ta, tana shafa baƙar takardar da yatsa, bakinta na son yin dariya. "Ba ka san shi ba."

Gilasan motar duk a rufe suke, kuma tekun na can gaba da tafiyar yini guda. Malam Murfi ya ɗaga hannu biyu ya riƙe hularsa.